Ruɓar Gaffati a Lambun Baba Ilu

Duk shekarar da aka turo ku daga jami'a ku yi sitaj, wato koyon aiki, a wurinmu, abu guda nake gani. Ku shigo labo, ɗakin binciken nan namu, ku leƙa farantan gilashin da ke jere a kan tebur, ku ga wani farin abu kamar auduga ya cika su. Ɗayanku ya zaro salula ya ɗauki hoto, salula ta faɗa masa sunan cutar, sai ya juyo ya dube ni kamar mai cewa, "To Tanti, sai me kuma?" Jiya da kunnena na ji wata a cikinku tana ce wa ƙawarta, "Aikin Tanti Fanna ba wuya, fumfuna kawai take kiwo." Ban ji haushi ba, don ba ita ta fara ba. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, haka take nuna ni ga baƙi: "Ga surukata. Matan mutane suna kiwon awaki, ita ruɓa take kiwo, kuma wai gwamnati ta san da zancen."

To ku ajiye salular nan ku gyara zama. Ita salula sunan cutar ta sani, ba ta san ko ƴar wane gari ce ba, kuma a aikin nan a nan gizo ke saƙa.

Ranar da na fara aiki, Mushe Abba Gana ne shugaban labon nan, Mushe ɗin nan na Faransanci da muke kiran manyan ma'aikata da shi. Dogo ne siriri, ɗan unguwar Birni ta nan Damagaram kamar ni, kakanninmu duka daga Barno suka zo, har na sa rai zai yi mini sassauci. Na gaishe shi da ɗan guntun Barbarcin da na tsinta a bakin kakata, ya amsa mini da Faransanci, ya miƙo mini soso da sabulu. Farantan nan da muke kira bwat, kowanne da murfinsa, su na yi ta wankewa tun daga kaka har bazara ta shigo. Yakan ɗaga ɗaya ya duba a hasken taga. Idan ya ga shatin yatsa ba ya faɗa, sai dai ya mayar da kwandon gaba ɗaya cikin ruwa ya yi tafiyarsa.

Bayan wanki aka ƙara mini girma zuwa girki. Fumfuna ba ta cin tuwo, pompitar take ci, wato dankalin turawa, shi ma ba tsokarsa ba, romonsa. A fere, a yayyanka, a dafa, a tace da farin ƙyalle, a zuba sukari, a zuba wani gari da ake kira agar, mai sa romon ya daskare kamar romon ganda da ya kwana a sanyi. Sai a sa a kokot, tukunyar nan mai fito, ta kashe duk wani abu mai rai da ke ciki, sannan a zuzzuba a bwat. Pompitar ɗin da aka tace ba shi da sauran amfani a aikin, shi ya sa ranar girki ba a taɓa samun wanda ya yi fashi ba. Gardi mai tsaron ƙofa ya zo da yaji, Laminu shofer mai jan motarmu ya zo da man gyaɗa, mutanen buro masu zaman ofis da ba su san hanyar labo ba ma sai ka gan su sun zo tambayar lafiyar Mushe.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shiru. Idan za ki dasa fumfuna a sabon bwat, kina zaune ne gaban fitilar da ke ci da alkol, ruwan nan da ake goge wurin allura da shi a asibiti. Ki ƙona allura har ta yi ja, ki bari ta huce, ki ɗebo ɗan yanki kamar ƙwayar gero, ki ɗaga murfi kaɗan, ki ajiye a tsakiya, ki rufe. Duk wannan baki a rufe, don numfashin mutum ɗauke yake da fumfuna iri-iri, kalma ɗaya ta isa baƙo ya faɗa miki cikin abinci. Ni kuwa a gidanmu ko barci nake yi magana nake. Ga mu kuma a Damagaram, inda mutum ba ya wuce ƙofa a buɗe bai yi sallama ba. Wani ya tsaya: "Salamu alaikum, Madan, ina kwana? Ina gajiya? Ina gida?" Ni kuma in amsa duka har in ƙara da nawa. Kwana kaɗan sai farantaina su fito kore da baƙi da rawaya kamar zanen sallah. Mushe ya jera su a gabana yana nunawa da biro: "Wannan ina kwana ne. Wannan baƙin ina gajiya ne. Wannan babban kuwa, ina jin labarin biki ne." Daga ƙarshe na koyi amsa gaisuwa da gira. Akwai wani tsohon planto, mai kai takardu, da ya yi ritaya yana cewa tun da na sa farar riga na daina ganin mutane.

A cikin duk abin da na yi kiwo, wadda na fi daɗewa da ita ita ce ruɓar tushe. Kun gan ta a littafi, ga yadda take a gona. Shuka tana tsaye lafiya lau, sai ka ga ta yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, alhali ƙasa a jiƙe take. Ka duƙa ka duba daidai inda kara ya shiga ƙasa, ka ga farin zare ya naɗe shi. Manoma furfura suke ce mata. In ta gama cin karan sai ta yi ƴaƴa, ƙananan ƙwayoyi kamar irin alayyafo, farare da farko, daga baya su yi duhu. Su ne masifar, don sukan kwanta a ƙasa shekara da shekaru suna jira, kuma suna bin ruwa, suna bin fartanya, suna bin takalmi. Tana cin gyaɗa, tana cin wake da tumatir da tattasai. Gero da dawa ne ba ta cika kula su ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta, wani furoje, wato shirin tallafa wa manoma, ya kawo wani wake da ba a saba nomawa nan ba, wai a gwada shi a lambunan rani lokacin sanyi. Pois chiche aka rubuta a jikin buhun. Mutanenmu suka ce waken Larabawa, don a shagunan Larabawa suka saba ganinsa. Masu furoje suka ce an gwada irin nan a wata ƙasa, ruɓar tushe ba ta kama shi. Aka raba wa masu lambu a Tirmini, da Dakusa, da Gaffati.

A Tirmini wake ya tashi kore shar. A Dakusa wani fangali ya yi, wani ya mutu. A Gaffati kuwa tun bai yi fure ba ya kwanta, kamar an watsa masa ruwan zafi. Masu furoje suka zo suka duba, suka ce laifin manoma ne, sun cika ban ruwa, ba su bi umarni ba. Suka ce baɗi za a cire Gaffati a sa wani gari, injin ban ruwan da aka yi musu alkawari ma ya bi can.

Washegari shugaban masu lambun Gaffati, Malam Idi, ya iso labo. Gajere ne mai murya kamar ganga, tun daga ƙofar gardi muke jin sa.

"Mushe, ni za a koya wa ban ruwa? Tun ban yi wando ba nake jan guga a lambun nan!"

Mushe ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ba ruwanka, Malam Idi, kuma ba ruwan rijiyarka. Ina zargin ruɓar taku ce ba irin ta sauran ba."

Malam Idi ya yi sororo. "Ruɓa ma ƙabila gare ta?"

"Shi za mu bincika."

Fita ɗiban samfuri aiki ne da ke ɓata mutum da jama'a. Lambun farko da Laminu ya sauke mu a Tirmini na wani dattijo ne, Baba Ilu, mai farin gemu da son a yaba masa. Ya tarbe mu da murna, ya ja mu wurin wakensa, yana shafa ganyen kamar kan jika. Ni kuwa ko kallo ban yi ba, idona yana can gefen shinge inda na hango wani tumatir ya langaɓe. Na je na tone shi, na ga farin zare, ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Masha Allah! Mushe, zo ka gani, ta yi furfura da kyau!"

Baba Ilu ya tako a hankali ya tsaya a kaina. "Ƴata, tumatirina ya mutu kina masha Allah? Ke in kin je gidan rasuwa me kike cewa?"

Na ba shi haƙuri. Bai gama hucewa ba ya ga mun fito da bokiti muna wanke takalma da ƴar fartanyarmu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta kafin mu shiga mota. Ya ce wa Laminu, "Ka gaya musu lambu suka shiga, ba salga ba." Mushe ya yi masa bayani cewa don kada mu kwashi ciwon wani lambu mu kai wani ne. Ya gyaɗa kai, amma daga gani maganar ta bi ta kunne ɗaya ta fita ta ɗayan.

Da muka gama zagaya garuruwan uku muka dawo, na dasa kowace ruɓa a bwat ɗinta, na rubuta sunan gari a murfi. A salula duk hoto ɗaya za su ba ku. A gabana kuwa, kafin mako ya zagayo kowace ta nuna halinta. Ta Tirmini mai nawa ce, ta tara gashi ta yi tudu kamar tunkiya, ta yi zamanta a tsakiya. Ta Gaffati siririya ce, ba ta da jiki, amma kafin ki ankara ta kai bango tana neman hawa murfi. Dakusa kuwa iri biyu muka samu, ɗaya mai nawa ɗaya mai sauri, shi ya sa wakensu ya rabu biyu.

Sai Mushe ya koya mini haɗa su. Ki sa ɗaya a wannan gefen bwat, ɗaya a wancan, ki bar su su taho su gamu a tsakiya. Idan dangi ɗaya ne sai su shige cikin juna, ba ki gane inda wannan ta tsaya waccan ta fara. Idan bare ne, sai su ja daga, a bar wani siririn layi tsakaninsu kamar iyakar gona, kowace ta tsaya a nata. Ta Tirmini da ta Gaffati suka ja layi ƙarara. Daga nan muka shuka waken Larabawa a tukwanen leda, muka zuba wa kowane rukuni ruɓar gari guda. Ta Tirmini ta ɗan lashi karan ta haƙura. Ta Gaffati ba ta bar ko tsiro ɗaya a tsaye ba. Mushe ya kira masu furoje ya nuna musu tukwanen. Suka yarda cewa irin nasu an gwada shi ne da ruɓar wata ƙasa, bai taɓa gamuwa da irin wannan ba. Aka bar Gaffati a furoje, aka ba su injinsu, aka ce su dakata da waken tukuna.

Da a nan aka tsaya da lafiya lau. Amma duk kwanakin nan Laminu yana leƙe ta taga, kuma shi abin da ya gani kokawa ce. Ya kai labari tasha, ya kai kasuwa, ya kai wurin mai shayi: an haɗa ruɓar garuruwa uku a labo, ta Gaffati ta ka da kowa. Ku a tunaninku mutanen Gaffati za su yi baƙin ciki, tunda nasu ciwon ya fi muni. Ina! Malam Idi har tafiya ya sauya. Abin da ba mu sani ba, shi da Baba Ilu taubasai ne, uwar Malam Idi ƙanwar uban Baba Ilu ce, tun suna yara ba sa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Aka gamu a wani suna a nan cikin gari, a gaban jama'a Malam Idi ya ce, "Ilu, ashe abin naku har ƙasa ya kai? Ko ruɓarku raguwa ce. An ba ta wake guda ta kasa kayarwa!" Aka yi ta dariya. An ce Baba Ilu ko naman suna bai tsaya ci ba.

Sanyi ya fara ja baya, wata safiya sai ga Baba Ilu a kan kabu-kabu, rungume da ƙwarya an rufe ta da ƙyalle. Ya shigo ya dire ta a kan teburin Mushe, ya yaye. Tumatir ne matacce da ƙasarsa, furfura ta naɗe shi har rassa.

"Wancan karon ƙaramarsu kuka ɗebo, ita ma ba ta da lafiya. Ga babbarsu nan. A sake karawa."

Mushe ya ce, "Baba, mu ba kokawa muke haɗawa ba."

"Ko ma me kuke haɗawa, a sake."

Mu kuwa ba ma mayar da samfuri. Mushe ya tambaye shi inda ya samo ta. Ya ce, "A lambuna, fangalin bakin rijiya. Da hannun nan na cire ta yau da safe." Na karɓa na rubuta Tirmini a murfi.

Tun kwanakin farko na ga abin bai yi mini ba. Siririya ce, tana gudu. Na haɗa ta da tsohuwar ta Tirmini, suka ja layi kamar ba su taɓa shan ruwan rijiya ɗaya ba. Na haɗa ta da ta Gaffati, suka shige cikin juna kamar ƴan uwa sun gamu a tasha. Na ce ko hannuna ne ya ruɗe, na sake daga farko, da sabuwar allura da sabon abinci. Haka ta sake fitowa. Na kai wa Mushe. Ya ɗaga bwat ɗin a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauki hularsa ya ce, "Kira Laminu."

Abin da muka tarar a Tirmini ba abin dariya ba ne. Fangalin bakin rijiya ya mutu ƙurmus. Daga nan ciwon ya bi hanyar ruwa, fangali bayan fangali, ya cinye waken Baba Ilu da ya fara ƴaƴa, ya tsallake shinge ya shiga tattasan maƙwabcinsa, ya taɓa tumatirin na gaba da shi. Mutanen nan da amfanin lambun suke cin abinci har damina ta faɗi. Suna tsaitsaye, ba wanda ya san daga ina bala'in ya faɗo.

Mushe ya fara tambaya. "Baba, ka sayo dashe daga wani gari?"

"A'a."

"Taki fa? Ko ka ari fartanya, ko wani baƙo ya shigo da takalmi?"

"Ko ɗaya." Yana amsawa yana kallon wani tsuntsu a kan dabino.

Ana cikin haka matarsa, Inna Hajo, ta iso da ƙwaryar furarsa. Ta ajiye, ta gaishe mu, ta tsaya tana saurare. Can ta ce, "Malam, ba ka gaya musu zancen zumunci ba."

"Hajo, koma gida."

"Zan koma. Ƴata, ke nake gaya wa. Mutumin nan rabonsa da Gaffati tun rasuwar gwaggonsa. Rana ɗaya ya tashi ya ce zumunci ya motsa masa, zai je gaida taubashi. Ya dawo, na ɗauki babbar rigar zan wanke, na ji ta da nauyi. Na zazzage aljihu, ƙasa ce har da saiwa."

Kowa ya juya ya dubi Baba Ilu. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "To ai ba sata ba ce. Kayan taubashi ne."

Mushe ya dafe kai. "Baba, ka ɗauko, to. Me ya sa ba ka kawo mana ita kai tsaye ba? Me ya kai ka dasa ta a bakin rijiya?"

"Haba Mushe, in kawo muku ita daga Gaffati in ce ta Tirmini ce? Ai na yi ƙarya ke nan, da gemuna. Cewa na yi ta ɗan kwana biyu a ƙasarmu, ta sha ruwanmu, ta zama ƴar gari. Ko mutum in ya daɗe a wuri ai ɗan gari ne."

Laminu ya zaga bayan mota, muna jin sa yana tari. Mai tattasai kuwa bai yi tari ba. Sai da mai gari ya sa baki kafin ya ajiye fartanyar da ke hannunsa.

Wannan ita ce shekarar da ban san hutu ba. Muka toshe hanyar ruwan tun daga rijiya. Duk shukar da ta kamu, da ta kusa da ita, muka tone da ƙasarta, muka zuba a rami muka cinna wuta. Waken da ya kusa nuna muka ƙone, masu shi suna kallo. Aka ajiye bokitin jabel a ƙofar kowane lambu, wannan karon ba wanda ya yi zancen salga. Mai gari ya yanke cewa albasar Baba Ilu, wadda ke can wani gefe ciwon bai kai ba, a raba wa waɗanda suka yi hasara. Bai yi musu ba, da kansa ya riƙa kai musu a kan jaki.

Saura ƙwayoyin da ke kwance a ƙasa, su kuwa wuta ba ta kai musu. Maganinsu rana. Da bazara ta tsaya, muka sa aka kafce fangalan, aka jiƙa su sharkaf, muka shimfiɗa farar leda mai shara-shara, muka binne bakinta ta kowane gefe yadda iska ba za ta shiga ba. Rana ta bugi leda, ƙasa ta turara a ciki kamar dambu. Amma sai an bar ta haka har ƙarshen zafi, kuma huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. Ga awakin gari da ba su taɓa ganin abin sha'awa kamar ledar nan ba. Aka ce sai an sa mai gadi. Ba a daɗe ana neman wanda ya dace ba.

Duk zuwan da na yi duba leda a bazarar nan, a nan nake samun Baba Ilu, ƙarƙashin wata ƴar rumfar kara da ba ta fi tabarma ba, da sanda, gumi har gemu. Masu wucewa su ce, "Baba, me aka shuka bana?" Ya ce, "Leda." Wata rana ina durƙushe ina cusa ma'aunin zafi a ƙasa sai na ji muryar nan mai kama da ganga. Malam Idi ne, ya zo da mafici sabo fil a hannu.

"Salamu alaikum, surukina! Na zo ganin ƴata. An ce ka sace ta ba sadaki, yanzu kuma kana dafa ta da ranta."

Baba Ilu ya karɓe maficin bai ce na gode ba. "Ƴar taka ba ta da tarbiyya. Daga ba ta masauki sai ta shiga gidajen maƙwabta."

"Halin gidan kawunta ta ɗauko."

Suka yi ta yi har la'asar. Amma na lura Malam Idi yana zagaya ledar, yana taɓa ta da bayan hannu, yana duba yadda aka binne bakin. Kafin ya tafi ya ja ni gefe ya rage murya, iyakar yadda irin muryarsa ke raguwa. "Malama, abin nan zai yi a namu lambun?" Na ce zai rage ta sosai, in an haɗa da sauya shuka. Bazarar da ta biyo baya mutanen Gaffati ma suka shimfiɗa tasu, kuma wa kuke tsammani ya je nuna musu yadda ake binne baki? Da babbar riga ya je, amma an ce sai da Inna Hajo ta ɗinke aljihun.

Mu koma shekarar farko a Tirmini: da damina ta faɗi muka yaye ledar, muka ce ba gyaɗa ba wake a wurin, dawa kaɗai. Da sanyi ya dawo na ɗebo ƙasa daga kowane fangali, na tankaɗe ta da rariya ina neman ƙwayoyin. Waɗanda na samu na sa su a abincin bwat, ba wadda ta motsa, sun dahu. Na shuka waken a sauran ƙasar, ya tashi lafiya. Sai a samfurin gefen shinge, inda leda ba ta kai ba, wata ta fito. Na zuba mata ido kwana da kwanaki. Ta tara gashi, ta yi tudu, ta yi zamanta a tsakiyar bwat. Na haɗa ta da ta Gaffati, suka ja layi.

Mushe ya ce in je in kai labari da kaina. Na sami Baba Ilu a bakin rijiya yana gyaran guga, Inna Hajo tana tsinkar yakuwa a gefe.

Na ce, "Baba, baƙuwarka ta tafi."

Ya saki igiyar. "Duka?"

"Duk inda na duba ban gan ta ba. Za mu ci gaba da sa ido, amma bana ku shuka wakenku."

Ya dubi fangalan, ya ce, "To tamu fa, ta gado? Ita ma kun dafa ta?"

"Tana nan a gefen shinge, tana tafiyarta a hankali kamar yadda ta saba."

Sai ya ɗaga hannu biyu sama. "Alhamdu lillahi. A bar mana raguwarmu. Allah ya ƙara mata lalaci!"

Inna Hajo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Amin. Allah ya sam maka kaɗan, ka riƙa zama wuri ɗaya."